The Wire ko Engrenages: wanne ya kamata mai son ganin aikin sa ido na 'yan sanda ya fara kallo?

A yawancin finafinan 'yan sanda, aikin sa ido ba ya cin fiye da minti biyu. Za a nuna jami'i zaune cikin mota riƙe da tabaron hangen nesa, mai laifi ya fito daga gida kamar an kira shi, a bi shi, a kama shi. Wanda ya gaji da irin wannan, yake kuma son ganin yadda rukunin 'yan sanda ke shafe makonni yana fakon mutum, yana sauraron wayarsa a asirce, yana harhaɗa guntayen bayanai har su zama hujjar da kotu za ta karɓa, akwai shirye-shirye biyu masu dogon zango da suka fi cancanta ya duba. Ɗaya shi ne The Wire na Amurka, wanda tashar HBO ta nuna daga 2002 zuwa 2008. Ɗayan kuma Engrenages ne na Faransa, wanda tashar Canal+ ta nuna daga 2005 zuwa 2020, aka kuma san shi da sunan Spiral a ƙasashen da ke jin Ingilishi. Na farkon zango biyar ne mai kashi 60, na biyun zango takwas mai kashi 86, kuma kowane kashi yana kusantar awa ɗaya. Lokacin da mutum zai kashe a kan kowannensu ba kaɗan ba ne, don haka ya kamata ya san abin da zai tarar kafin ya zauna.

Idan za a taƙaita bambancinsu, The Wire shiri ne na kunne da takarda, Engrenages kuwa na ido ne da ƙafa. Sai dai wannan bambanci bai tsaya ga ra'ayin marubutan ba, domin ya samo asali ne daga tsarin shari'ar ƙasashen biyu, da kuma irin masu laifin da kowane rukuni yake farauta.

The Wire ya fito ne daga hannun David Simon, wanda ya yi shekaru yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun labaran 'yan sanda, tare da Ed Burns, tsohon jami'in binciken kisan kai a birnin Baltimore wanda ya taɓa yin irin wannan aiki na tatsar waya da kansa kafin daga baya ya koma koyarwa a makarantar gwamnati. Sanin da suka yi wa aikin yana bayyana tun daga yadda aka kafa rukunin a zango na farko. Manyan rundunar ba su so kafa shi ba. Alƙali Phelan ne ya tayar da maganar bayan jami'i Jimmy McNulty ya tsegunta masa cewa akwai wani Avon Barksdale da ke riƙe da cinikin ƙwaya a yammacin birnin, wanda mutanensa ke tsallake tuhumar kisa saboda shaidu suna janye maganarsu. Da matsin ya yi yawa, sai aka umarci kowane sashe ya ba da jami'ai, kowane shugaban sashe kuma ya zaɓo waɗanda yake neman maraba da su ya tura. Aka jibge su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa ƙarƙashin Laftanar Cedric Daniels, suna buga rahoto da tafireta a shekarar da sauran duniya ta koma kwamfuta, aka kuma gaya musu su kama 'yan kaɗan cikin gaggawa a rufe maganar.

Abin da ya fi burge ni a wannan zango shi ne cewa rukunin ya fara aiki ba tare da ko hoton mutumin da yake nema ba. Lester Freamon, wani dattijon jami'i da aka yasar a sashen duba rajistar shagunan jingina fiye da shekara 13 saboda ya taɓa saɓa wa na sama, wanda sauran suka ɗauka ba ya tsinana komai ban da sassaƙa ƙananan kujerun gidan 'yar tsana a kan teburinsa, shi ne ya tashi shiru ya je ya samo hoton Avon a jikin wata tsohuwar takardar tallar damben zamani. Daga nan aikin ya riƙa tafiya taki-taki. Wani infoma mai suna Bubbles, wanda shi kansa mashayin ƙwaya ne, yakan zagaya yana tallar huluna, ya ɗora jar hula a kan duk wanda ya kamata a lura da shi, jami'a Kima Greggs kuma tana kan rufin wani gini tana ɗaukar hoto. Sai aka gano cewa mutanen Barksdale ba sa riƙe wayar hannu. Suna amfani ne da feja, wata 'yar na'ura da ake aika wa lamba kawai, sannan mai ita ya nufi wayar kan titi ya kira. Ko lambobin ma a birkice suke aika su, sai da Pryzbylewski, jami'in da kowa ya raina saboda wautar da ya tafka a kan titi, ya zauna ya warware su: kowace lamba ana tsallaka ta ne a kan biyar da ke tsakiyar madannan waya, wato ɗaya ta zama tara, biyu ta zama takwas, huɗu ta zama shida, biyar kuma ta yi musaya da sifili.

Ya kamata mai kallo ya sani cewa, ko da yake sunan The Wire kansa yana nuni ne ga tatsar waya, ba a fara tatsar waya a shirin ba sai a kashi na shida. Wannan jinkiri da gangan aka yi shi, kuma doka ce ta jawo shi. A Amurka, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Katz a 1967 da dokar da majalisa ta kafa a 1968, ba a ba ɗan sanda izinin sauraron wayar kowa sai ya nuna wa alƙali a rubuce, cikin rantsuwa, cewa an gwada sauran hanyoyin bincike sun gaza, ko ba za su yi aiki ba, ko suna da hatsari ƙwarai. Izinin ba ya wuce kwana 30 sai an sabunta shi, kuma dole masu sauraro su kauce wa jin hirar da ba ta shafi laifin ba. Shirin ya mayar da waɗannan sharuɗɗa abin kallo. Za ka ga jami'ai da lauyar gwamnati Rhonda Pearlman suna fama da tarin takardu, za ka ga ana gardama kan ko wani kira ya shafi bincike ko bai shafa ba. Tun da kuma wayar kan titi ta kowa ce, ba su da ikon kunna na'ura sai wani jami'i da ke kan rufi ya tabbatar da idonsa cewa wanda ake zargi ne ya ɗaga ta. Ma'ana, duk tsadar na'urar da ke ofis, amfaninta ya rataya ne a wuyan mutum guda da ke zaune cikin rana yana hamma. Akwai ma ranar da Avon da kansa ya zo wurin, aka yi rashin sa'a jami'in da ke kan rufin ya ɗan kauce don biyan buƙata, ya dawo bayan an watse.

A nan ne The Wire ya yi wa kusan duk shirye-shiryen irinsa zarra, domin ya ɗauki sa ido a matsayin tsere tsakanin ɓangarori biyu masu koyo. Da Stringer Bell, na hannun daman Avon, wanda Idris Elba ya fito a matsayinsa, ya lura cewa 'yan sanda suna sanin abin da bai kamata su sani ba, sai ya sa aka tumɓuke wayoyin unguwar. A zango na biyu, da bincike ya koma tashar jiragen ruwa bayan an tarar da gawarwakin mata 13 cikin kwantena, sai rukunin ya koma bin kwantenoni ta cikin manhajar kwamfutar tashar don gano waɗanda ake ɓatarwa daga lissafi. A zango na uku dillalan suka rungumi wayoyin hannu masu arha da ake yarwa bayan 'yan kwanaki, ta yadda kafin a gama takardun izini a kan lamba, lambar ta mutu. Mafitar da Freamon ya samo ita ce ya yi shigar ɗan damfara ya sayar wa mai sayo musu wayoyin wasu da aka riga aka samu izinin sauraro a kansu. A zango na huɗu sabon uban daba, Marlo Stanfield, ya daina tattauna harka a waya, ya koma ganawa da mutanensa a fili, da aka ɓoye masa kyamara kuma ya gano ta ya sa aka ɗauke. Kowace dabara tana da wa'adi, kuma mai kallo yana ganin ranar da ta ƙare.

Babban abokin gaban rukunin kuwa yana cikin gidansa. Manyan rundunar alƙaluma suke so, yawan kame da raguwar laifi a takarda, abin da binciken wata shida ba ya samarwa. Lokacin da aka tare direban wani sanatan jiha, Clay Davis, da dala 20,000 da ya karɓo daga mutanen Barksdale, umarni ya zo daga sama cewa a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar FBI kuma, da aka nemi ta karɓi shari'ar, ta nuna cewa bayan harin 11 ga Satumba 2001 hankalinta ya koma kan ta'addanci da cin hancin 'yan siyasa. Sau da yawa abin da ke kashe binciken a wannan shiri shi ne kusantar da ya yi ga kuɗin manya.

Engrenages, wanda Alexandra Clert, lauya ce, ta ƙirƙira tare da Guy-Patrick Sainderichin, ya shiga ta wata ƙofar daban. Rukuninsa ƙungiya ce ta 'yan sandan bincike a birnin Faris ƙarƙashin Kyaftin Laure Berthaud, wadda Caroline Proust ta fito a matsayinta, tare da mataimakanta biyu, Gilou da Tintin. Ba rukunin sa ido zalla ba ne, domin su ne ke zuwa wurin gawa, su ne ke yin tambayoyi, su ne ke fasa ƙofa da asuba. Amma fako da bin sawu su ne abincinsu na kullum, kuma shirin ya ƙware wajen nuna su. Akwai rufaffiyar motar kaya da ake ajiyewa a bakin titi kamar babu kowa ciki, alhali jami'ai suna ƙunshe a bayanta suna leƙe da ɗaukar hoto, wadda 'yan sandan Faransa ke kira da kalmar da ke nufin jirgin ƙarƙashin teku. Akwai bin mota da motoci biyu ko uku da babur, suna karɓeɓeniya ta rediyo don kada wanda ake bi ya ga fuska ɗaya sau biyu. Akwai bin mutum a ƙafa cikin cunkoson jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni, inda rufewar ƙofa ɗaya kan rushe aikin mako guda, da kuma maƙala na'urar bin diddigi a ƙarƙashin mota cikin dare. Kyamarar tana bin jami'an kurkusa, tana girgiza tare da su, sai mai kallo ya ji kamar shi ma yana cikin motar yana riƙe numfashi.

Su ma suna sauraron waya, amma a nan ba a ɓata kashi biyar wajen neman izini, kuma dalilin shi ne mutumin da babu kamarsa a tsarin Amurka: alƙali mai bincike. A Faransa, idan laifi babba ne, ana miƙa shi ga irin wannan alƙali, shi ne zai jagoranci binciken, ya nemo abin da ke ɗaure wanda ake zargi da abin da ke wanke shi, ya kuma wakilta 'yan sanda su aiwatar da umarninsa. Tun dokar 10 ga Yuli 1991, wadda ta biyo bayan hukuncin da Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke wa Faransa a 1990 kan rashin ƙa'ida bayyananna game da tatsar waya, shi ne ke ba da izinin sauraro a rubuce, na tsawon wata huɗu da ake iya sabuntawa. A shirin, wannan kujera ta François Roban ce, wanda Philippe Duclos ya fito a matsayinsa, dattijo siriri mai taurin kai wanda ba ya jin tsoron taka manya. Don haka tambayar da ke gaban Laure a kullum ita ce ko za ta shawo kan mutum ɗaya a ofishinsa, ko zai yarda da ita, ko kuwa za a ƙwace shari'ar a ba wa babban sashen binciken kisan kai da ke gasa da su, kamar yadda aka yi ta ja-in-ja a zango na uku.

Sai ɓangare na uku, wanda a ganina shi ne gishirin shirin: lauya Joséphine Karlsson, wadda Audrey Fleurot ta fito a matsayinta. Aikinta shi ne ta karanta kundin shari'a layi-layi tana neman inda 'yan sanda suka tsallake ƙa'ida, domin kuskure ɗaya a tsari yana iya sa a soke hujja tare da duk abin da aka gina a kanta. Kuma tana samun abin nema, saboda rukunin Laure ba ya jin kunyar karya doka. Sukan shiga gida ba izini, su gyara rahoto don rufa wa juna asiri, su matsa wa wanda ke tsare fiye da kima. Tsarewar bincike a Faransa awa 24 ce, ana iya ƙara ta zuwa 48, a laifukan gungu da safarar ƙwaya kuma har zuwa 96, shi ya sa agogo ke bin jami'an a kowane kashi. Shirin ya daɗe har ya riski sauyin dokar 2011 da ta ba lauya damar zama tare da wanda ake zargi lokacin da ake yi masa tambayoyi, kuma ana ganin yadda hakan ya sauya yanayin ɗakin tambayoyin.

Yadda kowane shiri ya ɗauki karya doka yana daga cikin abubuwan da za su raba wa mai zaɓi gardama. A The Wire, ƙarfin rukunin yana cikin tsabtar takardunsa, kuma sai a zango na biyar, bayan an yanke musu kuɗin aiki, McNulty da Freamon suka ƙetare iyaka: suka ƙirƙiri labarin wani makashi da babu shi don a saki kuɗi, suka karkatar da izinin sauraro zuwa wayar Marlo ba bisa doka ba. Shirin ya bi sakamakon wannan har ƙarshe, ya nuna yadda hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya ke zama makami a hannun lauyan mai laifi. Da yawa daga masoya shirin suna ganin wannan zango ne mafi rauni, ni ma ina cikinsu, domin ƙaryar ta yi girman da ya saɓa wa natsuwar zangunan baya. A Engrenages kuwa ƙetare iyaka abin yau da kullum ne, kuma abin da ke jan labarin shi ne amana: wa zai rufa wa wa asiri, har zuwa yaushe. Gilou, wanda alaƙarsa da infomominsa takan zarce ta aiki har ta kai shi ga rami, shi ne misali mafi bayyana, Tintin kuma shi ne mai jan birki da ke shan wahalar zama tsakanin gaskiya da abota. Wannan yana ba da zafi da tausayi, amma yana da tsada, domin wani lokaci mai kallo zai tambayi kansa yadda rukunin da ke tafka irin wannan ɓarna a kowane zango yake ci gaba da riƙe bindiga da katin aiki.

Akwai kuma batun waɗanda ake sa wa idon. The Wire ya raba lokacinsa kusan daidai tsakanin masu sauraro da waɗanda ake saurara, har ka san yaran da ke tsaye a kusurwar titi da sunayensu, da iyayensu, da abin da ke tsorata su. Saboda haka idan murya ta fito daga na'ura a ofishin 'yan sanda, kai ka riga ka san mai ita fiye da jami'in da ke rubutawa, ka kuma san abin da ya fahimta daidai da abin da ya kuskure. Wannan dabara ce ke sa shirin ya nuna iyakar sa ido, cewa ana iya jin duk kalmomin mutum ba tare da an gane halin da yake ciki ba. Engrenages yana sauya masu laifinsa a kowane zango: masu safarar ƙwaya a na biyu, inda aka cusa wani jami'i mai suna Samy cikin gungun 'yan'uwan Larbi, makashin mata a na uku, 'yan tsattsauran ra'ayin hagu a na huɗu, masu halasta kuɗin haram a na bakwai, yaran Maroko marasa galihu da ke gararamba a unguwar Barbès a na takwas. Hakan yana zagaya da kai sassan Faris da masu yawon buɗe ido ba sa gani, sai dai galibi daga bayan gilashin motar 'yan sanda kake hango mutanen, ba ka zama da su tsawon shekaru kamar yadda ake zama da mutanen Baltimore.

Wani zai ce ina aka bar Line of Duty na BBC, wanda Jed Mercurio ya rubuta, aka nuna zangonsa shida tsakanin 2012 da 2021. Shiri ne mai jan hankali, kuma sashensa na AC-12 yana bin sawun 'yan sandan da ake zargi da cin hanci, yana kuma cusa jami'a Kate Fleming cikinsu a ɓoye. Amma ƙarfinsa yana ɗakin tambayoyi ne, inda ake baje hujjojin da aka riga aka tattara, ba a wajen tattara su ba. Wanda ke son ganin yadda ake kama jami'i da bakinsa ya nufe shi. Wanda ke son ganin aikin fakon kansa ba zai ƙoshi ba.

Ta fuskar sauƙin kallo, dole a faɗi gaskiya cewa The Wire yana da wuyar shiga. Ba ya maimaita bayani, ba ya sa kiɗan da zai gaya maka inda za ka ji tsoro, mutanensa suna da yawa, kuma Ingilishin titunan Baltimore da salon maganar 'yan sandansa suna sa ko waɗanda aka haifa cikin harshen su kunna rubutun ƙasan allo. Mutane da dama sukan ajiye shi a kashi na biyu ko na uku, tun kafin guntayen su fara haɗuwa. Bai taɓa cin kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin ba duk da an saka shi cikin 'yan takara sau biyu a fannin rubutu, kuma bai tara masu kallo da yawa ba lokacin da ake nuna shi; sunansa ya yi tashe ne daga baya. Engrenages ya fi saurin kama mutum, kusan kowane kashi yana ƙarewa a inda za ka so ka ga na gaba, kuma ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a matsayin shirin dirama mafi kyau a 2015. Wanda ba ya jin Faransanci zai dogara da rubutun fassara, abin da kan yi nauyi a wuraren bin sawu, inda ake magana da sauri ta rediyo ido kuma yana son bin motar. Zangonsa na farko, mai kashi takwas, shi ne mafi rauni a wajena, saboda yana cusa ƙananan shari'o'i da ke ɗauke hankali daga babbar. Daga na biyu ne ya samu ƙafarsa.

Duka biyun na manya ne. Akwai ashar da zubar da jini da tsiraici a kowannensu, sai dai Engrenages ya fi tsayawa a kan gawa da teburin binciken gawa ba tare da kawar da kyamara ba, abin da ba kowa ke iya jurewa ba. The Wire bai kai shi nuna rauni a fili ba, amma mutuwar da ke cikinsa ta fi daɗewa a rai, domin yawanci ta wanda ka saba da shi ce.

Game da tsufan kayan aiki, kada feja da wayar kan titi su sa a raina The Wire. Gaskiya ne cewa Engrenages, da yake ya kai 2020, ya fi kusa da zamanin wayar hannu da bin diddigin inda take, zamanin da kotuna a ƙasashen biyu suka shiga tsakani: Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2012, a shari'ar Jones, cewa maƙala wa mota na'urar bin diddigi bincike ne da kundin tsarin mulki ya shafa, Faransa kuma ta kafa dokarta kan bin diddigin wuri a watan Maris na 2014. Amma abin da The Wire ke koyarwa bai rataya ga na'urar ba. Tambayoyinsa su ne yadda ake tabbatar da cewa muryar da aka naɗa ta wane ce, yadda ake fassara magana mai harshen damo a gaban kotu, da lokacin da ya kamata a yi kame a tona asirin cewa ana sauraro ko a ƙyale laifi ya wuce don a kai ga na sama. Waɗannan suna nan ko da wace irin waya ake riƙewa.

Saboda haka, idan abin da ya kawo mutum shi ne aikin sa ido kansa, yadda ake gina shi daga babu, dokar da ta ɗaure shi, da siyasar ofis da ke shaƙe shi, The Wire zai ɗauka, ya kuma yi wa kansa alkawarin kai wa kashi na shida kafin ya yanke hukunci. Idan lokacinsa kaɗan ne, zango na farko mai kashi 13 labari ne cikakke da ke tsaye da ƙafarsa, na uku kuma shi ne ya fi nuna tseren dabaru tsakanin ɓangarorin biyu. Idan kuwa abin da yake so shi ne bugun zuciyar bin sawu a titi, da ƙungiya ƙarama da zai shaƙu da ita tsawon shekara 15 na rayuwarta, da ganin yadda ɗan sanda da alƙali da lauya ke jan igiya ɗaya ta fuskoki uku a tsarin da ya bambanta da na finafinan Amurka, Engrenages ya fi dacewa da shi, kuma babu laifi ya bi zango na farko da sauri don sanin mutanen kafin ya zauna sosai a na biyu. Ni dai da za a ce in ɗauki ɗaya, The Wire zan ɗauka, saboda Lester Freamon da allon da yake manna hotuna da sunaye a kai. Wanda kuma ya yi niyyar kallon duka biyun, gara ya fara da Engrenages, domin wanda ya saba da tsantsenin takardun rukunin Daniels zai sha wahalar yafe wa Laure Berthaud da mutanenta duk ranar da suka buɗe ƙofar wani ba tare da izinin Roban ba.